Yadda Ubangijinmu Yesu Ya Kiyaye Shari'ar Musa

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa jin wani yana cewa wanda ya bi Yesu Almasihu ya huta da kowace farilla, sai ya yi abin da ransa ke so. Wannan magana ruɗi ce. In kana so ka san halin da ya cancanci mai bi, dubi halin Ubangijin da kake bi, gama almajiri daga malaminsa yake koyon tafiya.

Yesu Bayahude ne, daga zuriyar Dawuda. Luka ya ba da labari cikin sura ta 2 ta Linjilarsa, cewa da ya cika kwana 8 aka yi masa kaciya, aka raɗa masa suna, bisa ga alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim. Bayan kwana 40 Maryamu da Yusufu suka kai shi haikali a Urushalima, suka miƙa hadayar tsuntsaye biyu. Attaura ta yarda wa wanda ba shi da halin ɗan rago ya kawo wannan. Ka gani ke nan, talauci bai hana su cika abin da Allah ya umarta ba. Kowace shekara kuma sukan hau daga Nazarat zuwa Urushalima domin Idin Ƙetarewa, tafiyar kwanaki a ƙafa. Sa'ad da yake ɗan shekara 12 ya tafi tare da su, aka same shi zaune a tsakiyar malamai, yana sauraro yana tambaya. Sa'an nan ya koma gida yana yi wa iyayensa biyayya.

Da ya girma bai bar wannan hanya ba. Al'adarsa ce ya shiga majami'a ran Asabar, a nan Nazarat kuwa ya miƙe ya karanta littafin annabi Ishaya a gaban jama'a. Yana da tuntu a bakin mayafinsa yadda Shari'a ta umarci Isra'ilawa, domin su riƙa tuna da dokokin Allah. Da ya tsarkake kuturu, ya aike shi wurin firist ya miƙa abin da Musa ya umarta. Ya biya kuɗin haikali a Kafarnahum, shi da Bitrus. Ya halarci Idin Bukkoki. A daren da aka bashe shi ma, jibin Idin Ƙetarewa ya zauna ci tare da almajiransa, suka yi waƙar yabo kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Da bakinsa ya faɗa cikin wa'azinsa a bisa dutse, cewa cika Attaura da annabawa ne ya kawo shi, ba rushe su ba.

To, me ya sa waɗansu Farisiyawa suka yi gardama da shi? Domin ya nuna ainihin nufin Shari'a. Wata Asabar ya warkar da mace wadda ta yi shekara 18 a tanƙware. Shugaban majami'a ya husata. Yesu ya tuna masa cewa kowannensu yakan kwance sansa ko jakinsa ran Asabar ya kai shi shan ruwa, balle 'yar Ibrahim da ke ɗaure. Ya tsauta wa masu fitar da zakkar ganyen miya, alhali sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. Ya tsauta wa mai cewa dukiyarsa ta Allah ce domin ya guje wa ciyar da uwa da uba. Da aka tambaye shi doka mafi girma, daga Attaura ya ɗauko amsa: kaɗaitakar Allah, da ƙaunarsa da dukan zuciya, da ƙaunar maƙwabci.

Mai bincike zai ce, ashe, wajibi ne mu ma mu ɗauki dukan al'adun Yahudawa? A'a. Wajen shekara ta 50 manzanni suka taru a Urushalima a kan wannan batu, suka yanke cewa kada a ɗora wa masu bi daga cikin al'ummai nauyin kaciya domin samun ceto. Hadayu na dabbobi kuwa sun cika cikin mutuwar Almasihu, haikalin ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya. Amma halin Ubangiji yana nan gabanmu abin koyi.

Na fari, kada ka yi sakaci da taron masu bi. Shi wanda ba shi da zunubi bai raina majami'ar ƙauyensu ba, kai da ni fa? Nisan hanya ko aikin gona kada ya zama hujja.

Na biyu, girmama iyayenka da danginka, ko da ba su karɓi abin da ka karɓa ba. Ka fi dā ladabi, ka fi dā taimako, domin su ga amfanin tubarka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na uku, kada ka raina Yahudawa ko ka zage su. Ubangijinka daga cikinsu ya fito, haka Maryamu da manzanni. Bulus ya kwatanta mu da rassan da aka ɗaura a jikin itacen zaitun, reshe kuwa ba shi da abin fahariya a kan saiwar da ke ɗauke da shi.

Na huɗu, binciki zuciyarka. Zuwa sujada da ba da baiko suna da kyau, amma in kana ha'inci a awo, ko kana ƙin maƙwabcinka, Allah yana gani.

Ya ɗan'uwa, karanta Linjilar Luka a hankali, ka lura da tafiyar Yesu tun daga ƙuruciya, ka roƙi Allah ya ba ka zuciya mai biyayya irin tasa. Ubangiji shi taimake mu duka. Amin.