Idan Ya Shiga Jami'a, Wa Zai Bi?



Makon jiya bayan sallar isha'i wani yaro ya jira har kowa ya watse, sannan ya matso ya durƙusa ya ce, "Malam, sunana ya fito, na samu jami'a." Na yi masa barka, na sa masa albarka. Sai ya ce, "Amma Malam, a gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa. Baba canji yake yi, yayana tireda. In na shiga, wa zan bi?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar ce nake rubutawa a nan, don na san ba shi kaɗai ne mai wannan tambaya ba.

An kafa Sabo a 1916, Jami'ar Ibadan kuma a 1948. Daga Mokola zuwa ƙofarta mota ɗaya ce, amma yawancinmu iyaye ba mu taɓa zama a ajinta ba. Saboda haka yaranmu suna shiga wurin da ba za mu iya yi musu jagora ba. To, sai dai akwai abin da muka sani ƙwarai, shi ne yadda ake zaɓen maigida.

Ina ɗan shekara 14 mahaifina ya damƙa ni hannun wani maigida a harkar goro. Ba shi ne ya fi kowa kuɗi a layin ba, har na yi ƙunƙuni a raina. Mahaifina ya ce ya zaɓe shi ne saboda wani baƙo daga Arewa ya taɓa barin kuɗi a wurinsa, ciwo ya tsare shi shekara biyu, da ya dawo ya tarar da kuɗinsa a ƙulle yadda ya bar su. A wurin wannan dattijo na koyi tsince sankara da canza ganye da ɗaure huhu. Wata rana na tura goro mai sankara a ƙasan huhu, na jera mai kyau a sama. Bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya kwance huhun a gaban mai saye, ya mayar masa da kuɗinsa, ya ce laifin gidansa ne. Yau shekara arba'in ke nan, ban sake ba.

Ka ga ke nan, wanda kake sha'awa daban, wanda zai gyara ka daban. Yaran yanzu suna da gwanaye cike da waya: wannan ya sayi mota, wancan yana zuba Turanci daga Ingila. Ba haramun ba ne ka so ka kai inda wani ya kai. Amma mutumin cikin waya abin da ya ga dama yake nuna maka, saman huhu kawai kake gani. Bai san sunanka ba, ba zai ga ranar da ka yi ha'inci ba, balle ya kwance maka huhu. Malamai sun kawo cewa mahaifiyar Imamu Malik da za ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta umarce shi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Ladabi kuwa ba a ɗaukarsa daga nesa, sai an zauna tare.

Ga inda maganar take da nauyi. Malaman da yaranmu za su tarar galibinsu Yarbawa ne, da yawansu ba Musulmi ba. Na ji wani uba yana ce wa ɗansa, "Ka karɓi karatunka kawai, kar ka saki jiki da kowa." Na fahimci tsoronsa, ni ma uba ne. Amma ban yarda da shi ba. Yaron da ya shekara huɗu ba malami ko ɗaya da ya san fuskarsa, ranar da zai nemi wanda zai tsaya masa wajen aiki ko ƙarin karatu, wa zai nufa? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin hijira ya ɗauki ɗan jagora wanda ba Musulmi ba, saboda ya san hanya kuma yana da amana. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunoni sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Mu kanmu goron da muke kaiwa Arewa, ai daga hannun manoman Yarbawa muke saye.

Wani zai ce, Malam, zama da maɗaukin kanwa fa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne. Shi ya sa ba a haɗiye mutum ɗungurungum. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana girmama shi matuƙa, amma da malamin ya tsananta kan hukuncin masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa, girmamawar kuma ba ta ragu ba. Idan Shehu bai ɗauki komai da komai daga malaminsa na addini ba, kai ma ba dole ka sami duka a wurin mutum ɗaya ba. Ɗauki kimiyya da kiyaye lokaci wurin farfesa, ɗauki sallarka da ɗabi'arka wurin wanda ya fi ka tsoron Allah.

To, ɗana, ga amsarka. Kar ka yi gaggawa, watannin farko ka zuba ido. Dubi malamin da yake shiga aji kan lokaci, wanda ba ya wulaƙanta masinja da mai shara. Ka karanta abin da ya koyar, ka je ofishinsa da tambaya ta gaske, ba da roƙon maki ba. Ka nemi 'yan ajin ƙarshe a masallacin makaranta; ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, tun 1954 take, kuma za ka sami waɗanda suka riga ka bin hanyar. Wanda ya faye yi maka alheri tun ba ku san juna ba, yana ce maka kar ka gaya wa kowa, guje shi, ta nan 'yan ƙungiyar asiri suke shigowa. Ke kuma 'yata, duk malamin da taimakonsa ba ya yiwuwa sai da dare ko a ɗaki a rufe, ba taimako ba ne, ki sanar da iyayenki.

Kuma kar ka raina na gida. Babanka bai san JAMB ba, amma shekara talatin mutane suna ba shi kuɗinsu ba takarda ba shaida, ba a taɓa kai shi ƙara gaban Sarkin Hausawa ba. Wannan darasi babu shi a manhaja.

Mu kuma iyaye, mu ji tsoron Allah. Yaron da ya ga ana tauye mudu a shagon gida, da wane baki za a hana shi satar amsa?

Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da na gari, Ya sa mu ma mu cancanci a yi koyi da mu. Amin.