Mutanen Taya da Neman Abinci a Ƙofar Sarki

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:20-24, 21:3-6

A cikin Sabon Alkawari na Helenanci akwai kalmar "Turiyos", ma'anarta mutumin Taya. Sau ɗaya tak ta fito, a Ayyukan Manzanni 12:20. Taya birni ne na Finikiya a bakin Bahar Rum, yana nan har yau a ƙasar Lebanon da sunan Sur. Mutanensa attajirai ne masu jiragen ruwa, amma gonakinsu ba sa ciyar da su. Tun zamanin Sarki Hiram, Sulemanu ne yake aika musu da alkama da mai kowace shekara (1 Sarakuna 5:11).

Saboda haka da Hirudus Agaribas ya yi fushi da mutanen Taya da na Sidon, hankalinsu ya tashi, gama daga ƙasarsa hatsinsu yake fitowa. Suka haɗa kai, suka bi ta hannun Bilastasa, babban bafaden sarki, suka roƙi sulhu. Neman sulhu ba laifi ba ne. Amma ranar da sarki ya zauna a gadon sarauta a Kaisariya yana jawabi, taron jama'a suka ɗaukaka muryarsa zuwa matsayin ta allah. Hirudus ya karɓi yabon, bai ba Allah girma ba, mala'ikan Ubangiji kuwa ya buge shi. Ya mutu a shekara ta 44.

Mazaunin Kubwa ya san irin wannan zama. Doyar da ke kasuwa a mota ake kawo ta daga nesa, albashin maigida kuma yana hannun wani a cikin birnin Abuja, inda yake sammako kullum. Wanda abincinsa yake hannun wani, jaraba tana kusa da bakinsa: ya yaba abin da ya san mugunta ne, ya sa hannu a takardar ƙarya, don kada tukunya ta huce. Girmama shugaba wajibi ne, amma ɗaukakar Allah ba ta sayarwa ba ce. 'Ya'ya kuwa suna jin yadda iyaye suke zancen manya a gida, da shi za su tashi.

Labarin Taya bai ƙare a fadar Hirudus ba. Bayan shekaru, Bulus ya sauka a can, ya sami masu bi, ya kwana bakwai tare da su. Da zai tashi, suka raka shi da matansu da 'ya'yansu, suka durƙusa a bakin teku suka yi addu'a. Ga iyalan da suka san gaban wanda ya kamata a durƙusa.

Ubangiji ya ba gidajen masu bi abincin yini, ya kuma tsare bakinsu daga fadanci. Amin.