Malam, Fito da Yaran Nan Waje

Ɗana malamin makaranta, da ke 'yata malama, ku ba ni aron kunnuwanku. Na san kukanku, kuma ba ƙarya kuke yi ba: aji ya cika maƙil, littafi bai isa ba, albashi ba ya kai ƙarshen wata. In aka ce ku koya wa yara sanin muhalli da dabbobin dawa, sai ku ce ina kayan aikin? Kuna jira a aiko da hotuna da littattafai daga ofis. To, ni dai ina gaya muku, rabin kayan aikin yana bakin ƙofar ajinku, sauran kuma yana bakin tsofaffin unguwarku, kuma ba wanda zai ce ku sa hannu a takarda kafin ku ɗauka.

Gwada wannan gobe da safe, ɗana. Ka ce wa 'yan aji biyar su lissafa itatuwan da suka sani. Za su ce bedi da mangwaro, wataƙila su ƙara da kuka da tsamiya saboda miya da kunu. Daga nan sai a yi tsit. Shi bedin ma baƙo ne, asalinsa daga wajen Indiya, a zamanin Turawa ya shigo mana. Ina gawo, ina marke da ƙirya, ina kanya, magarya, kurna, ɗorawa da bagaruwa? Yaron yana riƙe da allo kullum, bai san da iccen aduwa ake sassaƙa shi ba. Yana shan miyar daddawa, bai taɓa ganin kalwa a jikin ɗorawa ba. Takalmin fata da ke ƙafar babansa, da 'ya'yan bagaruwa majema suka jeme fatar. Kakansa ya san duk wannan ba tare da ya shiga aji ba. In ilimin ya yanke a hannunmu, mu da muka yi boko, ai abin kunya ne.

Ka fara da gawo, don shi kaɗai darasi ne na shekara guda. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa lokacin yake kakkaɓe nasa, sai rani ya yi ya dawo kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da bisashe a lokacin da ciyawa ta ƙare. Nemi gawo ɗaya kusa da makaranta, ko da sai kun ɗan taka zuwa bayan garin Katsina ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri. Kowane wata yara su je su duba, su rubuta abin da suka gani a littafinsu, su zana. Ranar da yaro ya tambaye ka me ya sa geron gindin gawo ya fi na gefe tsawo, ka koyar da kimiyya ta gaske, irin wadda ba ta gudu bayan jarrabawa.

Sa'an nan ka ba su labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi, ga su nan ƙetaren Jibiya. Bayan farin 1973 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a kare su. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba injin, ba rijiyar burtsatse, wuƙa ce kawai da haƙuri. Ɗan aji shida zai iya koyon wannan a yini ɗaya, ya je ya nuna a gonar gidansu.

Tsuntsaye kuma ba sai ka je ko'ina ba. Ka sa yara su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa a bana, da ranar da ruwan farko ya sauka. Ka ajiye takardar, 'yan ajin baɗi su ƙara nasu. Bayan shekaru makarantarku tana da tarihin da ko jami'a za ta so gani.

Akwai tsuntsun da nake so ka tambaye su a kansa: ungulu. Mu da muka kwana biyu mun san yadda take cika kwata da bayan kasuwa, har ana korarta. Yanzu yaro zai gama firamare a cikin birnin Katsina bai taɓa ganin ta ba. Guba ta kashe wasu, masu neman sassan jikinta don tsubbu suka kwashe sauran, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mutane suna cewa ƙazama ce, to ƙazantar wa take kwashewa? A Indiya, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayensu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Ka faɗa wa yara wannan, ka kuma gaya musu mujiyar da ake jifa saboda camfi ɓeraye take ci, masu ɓarna a rumbu. Amma kada ka yi musu ƙarya don son dabbobi: kububuwa da gamsheƙa suna kisa, a koya wa yaro ya ja da baya ya kira babba, kuma wanda maciji ya sara asibiti ake kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Yaron nan mai danƙo a aljihu, kada ka fara da bulala. Duk ajin ba wanda ya kai shi sanin inda kurciya ke sheƙa da lokacin da cilakowa ke kuka. Ka naɗa shi shugaban masu ƙidayar tsuntsaye, ka ba shi fensir. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Manyan namun daji kam sun yi mana nisa. Dajin Rugu da iyayenmu ke ba da labarin namunsa, halin da yake ciki na rashin tsaro ba ɓoyayye ba ne, kuma ban yarda ka kai ɗan kowa ko kusa da shi ba. A nan wayar hannunka za ta yi amfani. Nuna musu raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka rage 49 kacal a 1996, aka tsare su har suka haura 600, a 2018 kuma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Yaro ya san cewa abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa in mutane suka so. Makarantar da ke da hali ta kai yara gidan zu na Audu Bako a Kano, ta kai.

Ka kuma gayyato masana na gida. Tsohon maharbi, makiyayi, ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya, mahaucin da zai gaya wa yara irin tulin ledar da yake cirowa daga tumbin akuya. Bayan wannan bayani ba sai ka yi dogon wa'azi kan zubar da leda a kwalbati ba. Malamin Islamiyya ma abokin aikinka ne, don yaran sun riga sun ji a wurinsa cewa dashen icce sadaka ce mai gudana muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na amfana da shi, sun kuma ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa.

Sai batun dashe, inda nake da ƙorafi. Kowace ranar 5 ga Yuni ana taruwa, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin kaka awaki sun cinye rabi, bazara ta ƙarasa sauran. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa a Nijeriya, amma ba hukumar da za ta zo ta shayar da iccen da ke harabar makarantarka. Gara guda 10 da za su rayu da 200 na hoto. Kowane icce a ba shi yara uku da sunayensu a jiki, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a riƙa zuba masa ruwan alwala. Kafin a ba da hutu ka san wanda ke kusa da zai riƙa leƙowa. Kuma ka sa na gida a ciki, kada duk su zama bedi.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo yana tambayar sunan wani icce ko wani tsuntsu, kada ku ce ya cika surutu. In ba ku sani ba, ku tura shi wurin kakarsa tun tana da rai.

Ɗana, 'yata, ban ce ku ƙara awa ko ɗaya a kan aikinku ba. Darasi ɗaya a mako nake roƙo, ku yi shi a waje. Ku fara a makon nan, Allah Ya yi muku albarka, Ya sa yaran su amfana.