Gargaɗi ga Masu Sa Hannu a Kan Aikin da Ba Su Gani Ba

 

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda aka rubuta sunansa a takardar kwangila aka ce shi ne mai sa ido: injiniyan ma'aikata, da mashawarcin da aka ɗauko da kuɗi, da jami'in ƙaramar hukuma, da ɗan kwamitin ginin masallaci ko Islamiyya, har da ƙanen da yayansa ya turo wa kuɗi daga Abuja ya ce ya tsaya masa a kan gini a Bado ko Arkilla. Wata muguwar ɗabi'a tana yaɗuwa a birnin Sakkwato. Mutum ya karɓi amanar duba aiki, ya karɓi ladan dubawa, ƙafarsa ba ta taka wurin aikin ba, sannan a biyo shi da takarda har ofis ko har zaure ya rattaba hannu cewa ya gani, aiki ya yi. Abin ya zama jiki, har wanda ya ce sai ya je ya auna shi ake kira mai baƙin ciki.

Kowace kwangila mai nauyi tana da mutum uku. Akwai mai kuɗi, wanda sau da yawa bai san rodi mai milimita 16 da mai 12 ba. Akwai ɗan kwangila, wanda ribarsa ke ƙaruwa da duk buhun simintin da ya rage. Na ukun shi ne mai sa ido, kuma dalilin saka shi ɗaya ne: mai kuɗi ba ya iya gani, ɗan kwangila kuwa ba a barinsa ya yi wa kansa shaida. Don haka dokar sayayya da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, kuma ta hana a ƙara biyan ko kwabo bayansa sai an fitar da takardar shaidar cewa an yi aikin da ya kai. Ashe kenan kuɗin jama'a ba ya fita sai da hannun mai sa ido. In ya rufe, ɓarawo ba shi da hanya. In ya buɗe ba tare da ya duba ba, da shi aka yi satar, ko da bai ɗauki buhu ɗaya ba.

Aikin da ke wuyansa sananne ne, kuma kowane ɓangarensa yana da lokacin da in ya wuce ya wuce ke nan. Ya je kafin a rufe ramin fandisho, ya ga zurfinsa da irin ƙasar da aka tarar. Ya ƙirga rodi, ya auna kaurinsa da tazararsa kafin a zuba kankare, domin da zarar kankare ya rufe ƙarfe, babu idon da zai sake ganinsa sai ranar da ginin ya faɗi. Ya tsaya a kan haɗi, in takarda ta ce siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ya tabbatar haka lebura ke aunawa. Ya ɗauki bulo ya gwada, domin duk birkila ya san masu matsa wa buhu ɗaya ya fitar da bulon da ya kusa ninka ƙa'ida. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ya tabbatar ana ba kankare ruwa aƙalla mako guda, kuma ba a ɗora masa nauyi tun bai ƙosa ba, tunda ƙarfinsa a kan kwana 28 ake lissafa shi. In ya ga ɓarna ya tsayar da aiki, ya sa a rushe a sake, ya rubuta a takarda mai kwanan wata, ya kai wa mai kuɗi. In an ƙi gyarawa ya ƙi sa hannu. Wanda ya bar waɗannan ya tsaya a kan ganin fenti ranar buɗe gini, albashin banza yake ci.

Mun ga ƙarshen wannan sakaci a ƙasar nan. Ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a Titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Bayan faɗuwarsa sai ga takarda ta bayyana: kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da tsarin ginin ya rubuta tun Fabrairun 2020 cewa ya janye daga aikin. An ci gaba da ɗora hawa a kan hawa. A Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa ya faɗi a kasuwar waya ta Titin Beirut a Kano. Ranar 12 ga Yulin 2024 makarantar Saints Academy ta rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai ne da iyayensu suka sallama da safe. Kada Basakkwace ya ce wannan labarin nesa ne. Benaye suna tashi a Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo, kuma rodin da aka rage a nan ba zai fi wanda aka rage a Jos ƙarfi ba. Abin takaici, mu ne ke da kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Siminti bai yi mana nisa ba, gaskiyar awo ce take nema ta gagare mu.

Ba gini kaɗai abin ya shafa ba. Tashar lantarki mai megawat 38 da gwamnatin jiha ta ba da kwangilarta a 2008 ta shafe fiye da shekara goma ba ta kai wuta gidajen mutane ba, kuma duk aikin da ya ɗauki irin wannan lokaci, jama'a suna da haƙƙin tambayar ina rahotannin masu sa ido a kansa. A 2019 hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a faɗin ƙasa, ta tarar da ayyukan da aka biya kuɗinsu ba a yi ba, aka tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aiki. Babu rijiyar burtsatse da aka biya ba a haƙa ba, babu ajin da aka biya ba a rufa ba, face wani ya sa hannu cewa ya gani. Wanda kuma ya ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ya san abin da wuta ke yi wa dukiyar shekaru a yini ɗaya. To, yaya za a ba mutum duba wayar lantarkin shaguna ko ɗakunan kwanan ɗalibai, ya amince da ita daga kan kujera?

Na san uzurorin, kowa ya san su. Wani ya ce, “Ai Alhaji mutumin kirki ne, mun daɗe tare.” In mutumin kirki ne, awo ba zai cutar da shi ba, zai ma wanke shi. Wani ya ce, “Ofis bai ba ni kuɗin mai ba.” To ka rubuta wa shugabanka cewa ba ka je ba, kada ka rubuta cewa ka je. Wani ya ce, “Daga sama aka ce in sa hannu.” Na saman ba sunansa ke kan takardar ba, kuma ranar da aka kafa kwamitin bincike ba zai san ka ba. Mafi muni shi ne mai cewa, “Ɗan goro ne kawai ya ba ni.” Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya tsawatar a kan ma'aikacin zakka da ya dawo da wani kaso yana cewa kyauta aka yi masa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin ɓarnar da ya yi inkari a Kitabul Farƙ. Motar ɗan kwangila ta ɗauko ka, abincinsa ka ci, ambulan ɗinsa ka sa aljihu, da wane baki za ka ce masa ya rushe ginshiƙi?

Garin nan ba baƙon wannan ilimi ba ne. A zaurukan da ake karanta littattafan Risala da Muhtasar, malamai suna koyar da cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. In ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta yarjejeniyar bashi da kafa shaidu ta sauka. Sayyidina Umar bai wadatu da naɗa gwamnoni ba, sai da ya riƙa tura Muhammadu ɗan Maslama ya je ya gano masa halin da suke ciki. Manzon Allah da kansa ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya taɓo danshin da aka ɓoye a ƙasa. Takardar kammala aiki shaida ce, kuma wanda ya ce ya ga abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. In rufin ya faɗa wa yara, kada ya fake da ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, kuma ba ta ɗauke wa mai sakaci hisabi.

Ku masu ba da aiki, hukuma ko ɗan kasuwa, ku ma da naku laifin, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ku bari ɗan kwangila ya zaɓo mai duba shi, kada kuma ladan mai dubawa ya bi ta hannunsa. Ku rubuta a cikin yarjejeniya matakan da ba za a wuce ba sai mai sa ido ya zo, da abin da zai biya in ya yi sakaci. Ku nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, ku riƙe wani kaso na kuɗin har sai damina ta gwada aikin. Ɗan kasuwar da ya wakilta yaronsa a kan lodin albasa ko fatu zuwa Kudu ya faɗa masa dalla-dalla abin da zai ƙirga da abin da zai buɗe ya duba, a gaban shaidu. Ku masu unguwanni da limamai, aikin da aka kawo unguwarku naku ne, ku je ku tambayi abin da takarda ta ce. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ku koya wa ɗalibanku cewa ƙin sa hannu a kan ɓarna yana cikin aikin da za a biya su dominsa.

Kai kuma mai sa ido, ka ji tsoron Allah. In ba za ka iya zuwa ba, ka mayar da amanar ga mai ita tun da wuri. In ka karɓa, ka je, ka auna, ka rubuta abin da idonka ya gani, ko da zai ɓata wa wanda ya fi ka rai. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare rayukan bayinSa daga sakacinmu.