Wa Za Ya Sha Ruwan Da Ka Gurɓata?

Karatu: Ezekiyel 34:17-19, Farawa 1:20-22

Ranin da ya wuce wani ɗan'uwa ya zo gidana da almuru, da kuɗi ƙulle cikin tsumma. Ya ce zakkar kifinsa ce. Na yi murna, gama ya daɗe bai kawo kome ba. Amma sa'anda na tambaye shi inda ya sami kifi haka da yawa, ga shi kuwa ruwa ya janye, sai ya sunkuyar da kai. Ashe su huɗu ne suka tafi gurbin da ke bayan gari da dare, suka zuba gamalin, da gari ya waye suka kwashe kifi da kwanduna. Ban karɓi kuɗin ba. Ya tafi da fushi, har yanzu kuwa akwai dattawa da su ke ganin na tsananta. Domin wannan ina so mu kawo maganar gaban Littafi.

Gamalin maganin ƙwari ne, an kawo shi domin feshin gonakin koko. Idan ya shiga ruwa ba ya zaɓe. Yana kashe tarwaɗa da karfasa da kurungu, yana kashe 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba, da kwaɗi, da ƙananan ƙwarin da kifi ke ci. Ba ya kuwa ƙarewa da sauri: yana kwanciya cikin laka, yana taruwa cikin kitsen kifi, daga nan ya shiga cikin wanda ya ci. A 2009 ƙasashen duniya suka yarda a daina aikin gona da dafin da ke cikinsa, a 2015 kuma masanan hukumar lafiya ta duniya suka lissafta shi cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Wannan kifi ne ɗan'uwanmu ya yi banda, ya kai kasuwa, wata mace ta saya ta yi wa 'ya'yanta miya.

Wani za ya ce, ai kakanninmu ma sun zuba maginfa. Gaskiya ne, ba na kuwa yabonta. Amma ƙarfin maginfa yana wucewa cikin kwanaki kaɗan, kuma a zamaninsu akwai Sarkin Ruwa wanda ya ke buɗe gurbi, ya rufe. A Argungu, inda a ke bikin su tun 1934, ana hana kamun kifi a wurin bikin har ranar ta zo. Shi ya sa a ke fito da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Yanzu ku duba Ezekiyel. Ubangiji yana shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya. Laifin masu ƙiba ba shan ruwa ba ne, gama domin sha aka ba su. Laifinsu shi ne, bayan sun ƙoshi sai su dama sauran da ƙafafunsu, raunana su zo su sha laka. Annabin yana magana a kan manyan Isra'ila, na sani, amma misalin da Allah ya zaɓa bai zaɓe shi a banza ba. Wa ya sha daga gurbin nan washegari? Shanun Filani, da matan da suka ɗebi ruwa, da yaran da suka yi wanka. Ba wanda ya gargaɗe su.

A cikin Farawa kuma, kun lura wa Allah ya fara sa wa albarka? Ba Adamu ba. A rana ta biyar kifi da tsuntsaye suka karɓi albarkar hayayyafa, tun mutum bai kasance ba. Mulkin da aka ba mu a rana ta shida bai soke ta ba. Shari'ar Musa ma, a Kubawar Shari'a 22, ta hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, domin iri kada ya ƙare. Ina misalin wanda ya ɗauki gidan sauron da aka ba shi a asibiti domin jaririnsa, ya ja shi cikin kogi, ya tace ruwa sarai? Ya yi hasara biyu, kifin baɗi da lafiyar ɗansa.

Ɗan'uwan nan ya ce mini, "Pasto, yunwa ce." Ban raina maganarsa ba. Ba masunci ne ya rage Tafkin Chadi ba, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, fari na 1973 da na 1984 suka bar shi ɗan kaɗan, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya. Ba shi ne ya gina madatsar Tiga a 1974 ko ta Challawa a 1992 ba, waɗanda suka rage ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa a fadamun Haɗeja da Nguru, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masu zuba dattin jima cikin kogi a Kano, su ma za su amsa. Amma in kogi yana ciwo, dafi ne maganinsa? Idan yunwa ce ta kai ɗan ekklesiya ga wannan, to, kunyar tamu ce, mu da ba mu san rumbunsa ya ƙare ba.

Abin da muka yi ke nan. Dattawa suka auna masa dawa daga rumbun ekklesiya, aka haɗa kuɗi aka saya masa koma mai manyan idanu. Muka aika wurin mai gari da arɗon Filani a tsare gurbin, kada a sha. Ɗan'uwan ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, ba da sauƙi ba. Sauran ukun ba su zo ba tukuna, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan dattijo ne. Ku tuna da su cikin addu'a, da ni kuma, gama ranar Talata za ni gidan ubansa.