Mai farfaɗiya da ya ajiye magani don ya yi azumi

Tambaya: Malam, ɗana baligi ne, yana da farfaɗiya, muna karɓo masa carbamazepine daga Birnin Kudu. Maganin yana sa shi jiri da gyangyaɗi. Da azumi ya kama sai ya ajiye shi, ya ce ai lafiyarsa lau, kuma ana yi masa rukiyya a nan Gwaram. Rannan ya faɗi bayan azahar. Ina hukuncin azuminsa?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa. Ɗan'uwa, hukuncin yinin da ya faɗi ba shi da wuya. A littafin Mukhtasar na Khalil, wanda alfijir ya keto yana cikin hayyacinsa, suman kuma bai wuce rabin yini ba, azuminsa ya inganta. In suman ya cinye mafi yawan yini, ko ya riske shi da ketowar alfijir, sai ramuwa.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne: wanda yake tafiya da ƙafarsa, yana noma, mara lafiya ne? Malamanmu ba su shardanta kwanciya ba. Tsoron ƙaruwar cuta ko jinkirin warkewa ya isa ya halatta shan ruwa, muddin tsoron ya dogara ga maganar likita masani ko ga abin da mutum ya jarraba a jikinsa. In kuwa ana tsoron halaka ko cutarwa mai tsanani, shan ruwa ya zama wajibi. Yanke wannan magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere ba farfaɗowa, kuma wannan tana kisa. Ga yunwa da ke sauke sukarin jini, ga ƙarancin barcin dararen Ramadan, dukkansu suna tayar da ciwon. Saboda haka ajiye maganin da ya yi bai halatta ba, ba na kuma shakka a kan wannan.

Ku mayar da shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In likita ya ga za a iya raba maganin tsakanin sahur da buɗa-baki, ya yi azumi, kada ya tsallake sahur, kada kuma ya kwankwaɗi ruwa mai yawa a zama ɗaya, don carbamazepine yana rage gishirin jini. In likita ya hana, ya sha ruwa, ya rama in ya samu iko. Jirin nan sau da yawa yana raguwa, ko a gyara adadin ƙwayar. Wannan aikin likita ne, ba nawa ba.

Rukiyya halal ce. Amma mai rukiyyar da yake ce wa mutane su zubar da magani wai ciwon na iskokai ne, ya ji tsoron Allah, rai yake wasa da shi. Ku kuma daina cusa wa wanda ya faɗi cokali ko ruwa a baki. Ku juya shi ta gefensa. Wallahu a'alamu.