Jingina Daban, Tsotsa Daban

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, wasu na cewa muridi ci-ma-zaune ne, wai ya jingina da shehi da zawiya ya ɗora musu nauyinsa. Shin jingina da wani aibi ne? Mu duba wata halittar Allah.

A dazuzzukan gabashin tsibirin Madagaska akwai wata shuka da masana ke kira Angraecum sesquipedale, daga dangin furannin okid. A jikin itatuwa take fitowa, amma ba ta shan komai daga jikinsu. Saiwoyinta suna manne a bayan ɓawo, suna da wani rufi kamar soso mai tsotsar ruwan sama da raɓa. Abin da itacen ya ba ta shi ne wurin tsayawa kusa da haske. Furenta fari ne mai siffar tauraro, kuma da dare ƙamshinsa ke tashi. Ruwan zaƙinsa yana can ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30. A 1862 Charles Darwin na Ingila ya ce lalle akwai ƙwaro mai dogon baki da zai kai gare shi, a 1903 kuwa aka bayyana wani malam-buɗe-littafin dare mai wannan siffa.

Mu a nan kauci muka sani. Shi ma a kan itace yake, kaɗanya ko ɗorawa, amma yana huda reshe ya sha ruwan jikinsa, har wani lokaci reshen ya bushe. Daga nesa zamansu iri ɗaya ne, sai an duba saiwa ake gane bambanci.

Haka zaman tarbiyya yake. Wanda ya riƙi shehi don ya ɗaga shi zuwa ga sanin Allah, yana kasuwarsa ko gonarsa, yana jiran arziki daga Ubangiji, jinginarsa ba ta cutar da kowa. Wanda kuwa ya mai da sunan shehi jari, yana karɓar hadiyya daga talakawa, yana cin bashin ƴan'uwa ba ya biya, ya zama kauci ko da ba ya fashin wazifa.

Kowa ya binciki saiwarsa. Ya kuma duba darensa: idan mutane sun yi barci, akwai zikirin da ke tashi daga gare shi?

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin ƴan'uwa, Ya ba mu ikhlasi. Amin.